Fadamar Tsohon da Na Sa Sunansa a Ƙasan Shafi

Shekarun baya, lokacin ina ajin ƙarshe a jami'a a Yamai ina karatun tarihi, na rubuta wani shafi guda da ya raba wani dattijo da gonarsa. Wasu daga cikinku da ke bibiyata a nan sun sha tambayata me ya sa nake ta kawo labarin iyakokin ƙasashe da yarjejeniyoyin Turawa, amma ban taɓa kawo komai daga aikina na kaina ba. Kullum sai in kauce da wasa. Yau dai zan faɗa, tunda mai abin ya daɗe da rasuwa, maganar kuma ta mutu wurin kowa in ban da ni.

A ajin ƙarshe kowane ɗalibi sai ya rubuta ɗan littafin bincike, wanda muke kira memuwar, ya kare shi gaban malamai kafin a ba shi takarda. Ni ɗan Konni ne, don haka ban wahala wajen zaɓe ba. Na ce zan yi a kan yadda Faransa da Ingila suka yi ta ciniki har suka ja iyakar da ta ratsa kudu da garinmu. Na yi watanni a gidan ajiyar tsofaffin takardu ina karanta wasiƙun da manyansu suka riƙa aika wa juna, kowa na kiran ɗan'uwansa mai girma alhali rijiya yake so ya ƙwace masa. Da farko an zana layin ne a lanƙwashe kewaye da Sakkwato, sai Faransawa suka ga an bar su da hanyar da ba ruwa, aka koma aka zauna, aka turo layin kudu. Haka Konni ta tsinci kanta a wannan gefen. A duk takardun nan ban ga inda aka tambayi ko mutum ɗaya cikin masu shan rijiyoyin ba. Lokacin kuwa ina ji da kaina ƙwarai. Na sayi jaka irin ta malamai, ko kasuwa zan je sai na rataya ta, a ganina saura kaɗan a fara kirana gidan rediyo ana tambayata ra'ayi.

Malamin da ke duba aikina dattijo ne mai tsauri, wanda ɗalibai ke cewa bai taɓa yabon ko abincin gidansa ba. Na kai masa babi biyu ina jiran ya girgiza, ya karanta ya ture mini su.

“Wannan duk an rubuta,” in ji shi. “Ka kwaso mini abin da Paris ta ce da abin da Landan ta ce. Mutanen da aka ja layin a kan gonakinsu fa, ba su da baki? Kai ɗan wurin ne. Je ka kawo mini abin da ba ya cikin takarda.”

Na ari rediyo mai ɗaukar magana, na sayi kaset, na yi gida. Mahaifiyata ce ta ce in ina son maganar da, in tafi wurin abokin mahaifinta, wani tsoho da ke wani ƙauye a bakin iyaka, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga Konni. Tun ina ƙarami na san shi, Kaka muke ce masa duk da ba jininmu ba ne. Ya haura tamanin a lokacin, dogo, ido ɗaya ya yi fari. Matarsa ta rasu, yana da ɗa namiji guda a gida da iyalinsa, da 'ya mace da ke aure a Badaguishiri. Gonarsu ta tudu ta gaji, gero ba ya kai su ko rabin shekara. Abin da ke riƙe da gidan fadama ce: ba babba ba ce, amma akwai rijiya mai ruwa kusa, da rani albasa, da damina dawa. Tsohon ya daina iya riƙe hauya, amma a nan yake wuni, yana nuna wa ɗansa yadda ake aikin da ɗan ya shekara talatin yana yi. Kudu da fadamar kaɗan akwai tsohon turken iyaka, awaki na soshe jikinsu da shi.

Da na ajiye rediyon gabansa ya dube shi ya dube ni. Ɗan lakwal yake ce mini, wato ɗan makarantar boko.

“Kai ɗan lakwal, wanga akwatin naka shina cin magana, to mi shika yi da ita in ya ƙoshi?”

Na ce ajiye ta yake yi, don jikoki su ji. Ya ce jikokin da ba su jin ta daga bakinsa yana da rai, ba ya jin za su ji ta daga bakin akwati. Haka muka yi kwana huɗu, yana tsokanata ina tsokanarsa kamar yadda kaka da jika ke yi, yana ba ni labarin haraji da aikin tilas da yadda mutane ke tsallakawa can in an matsa musu nan, su dawo in an matsa musu can. Duk labari ne mai daɗi, amma irinsa ana samu a littattafai.

Ran na biyar, bayan la'asar, na yi masa tambayar da ta daɗe tana damuna. Na ga a taswira layin ya bi ta tsakiyar gonakin ƙauyensu da na ƙauyen da ke ƙetare. Amma yau kowa gonarsa na gefen ƙasarsa, kuma ban ji an taɓa zub da jini a kai ba. Na ce yaya aka yi haka? A fadamar muke zaune. Ɗansa ya tafi kai albasa gida, mu biyu ne kawai.

“Sa'ad da Nasara sunka kahwa turakunsu sunka wuce,” in ji shi, “sai ga gonakin mutanenmu can, ga na mutanen can nan. In ka tsallaka ka yi noma, haraji biyu. In anka zo kamun aiki ba a ishe ka ba, a ce ka gudu, a kama ƙanenka. Sai manyan garuruwan biyu sunka zamna, ba da sanin kowa ba, sunka yi musaya, gona da gona. Anka raba goro, anka shahwa Hwatiha, anka yi alkawali ba a hwaɗa ma Nasara, ba a kau hwaɗa ma ɗiya. Kowane yaro shi tashi shina ganin gonad da ubanai ka noma ta kakanninai ta. Hakanan ba mai tada magana.”

Ya nuna ƙasan da muke zaune a kai da sandarsa. Ya ce wannan fadamar ba kakansa ne ya sare dajinta ba. Kakan wani gida ne, mutanen ƙetare a lokacin, waɗanda daga baya wata shekarar yunwa ta dawo da su nan ƙauyen suka zauna. Na san gidan, domin babbansu a lokacin ɗan kasuwa ne mai sayen albasa yana lodawa kudu. Gonar kakan tsohon kuma tana can ƙetare, ita aka ba su a madadi. A kowane gida mutum ɗaya ake gaya wa, uba ya gaya wa ɗa in ya ga tafiya ta zo, don in rigima ta taso masu sanin su kashe ta tun tana ƙarama. Na gidan ɗan kasuwar mutuwar farat ɗaya ya yi, bai bar wa kowa ba. Sauran ma duk sun tafi.

“Ni kaɗai nir rage. Ɗana mai zahin kai na, ban hwaɗa mai ba tukuna, ga shi ina tsoron in tahi da ita. Amma wagga ba ta takarda ba ta, ɗan lakwal. Tsakanina da kai ta, don kai jikan abokina na.”

Na ce, “To, Kaka.” Kaset yana juyawa a gabana, ina kallonsa, ban kashe ba.

Da na koma Yamai na juya maganar zuwa Faransanci na kai wa malamina. Ran nan na fara ganin ya cire tabarau ya sake mayarwa ya karanta abu sau biyu. Ya ce wannan shi ne aikina, sauran duk kwashe-kwashe ne. Ya ce manyan ƙasashe biyu sun yi shekaru suna aika wakilai da taswira, ga talakawa sun ƙulla tasu yarjejeniya da goro, kuma ta fi ta Turawan ƙarko. Kaina ya kumbura har na ji ɗakin ya yi mini kaɗan. Sannan na ce masa tsohon ya ce sirri ne. Na faɗa ne da muryar mai so a ce masa ba komai.

Bai ce mini “ba komai” ba, ba zan yi masa ƙarya ba. Cewa ya yi a sana'armu maganar baki ba ta zama hujja sai an rubuta a ƙasan shafi sunan wanda ya faɗa, da shekarunsa, da garinsa, da ranar da aka yi hirar, don wani mai bincike ya iya bin sawu ya tabbatar. In ba haka ba, hira ce irin ta bakin kasuwa. “In ba za ka iya sa sunan ba, cire labarin gaba ɗaya,” in ji shi. “Kai ka san mutuminka.”

Na kwana biyu ina lallashin kaina, kuma na iya lallashi. Na ce da Faransanci fa zan rubuta. Kwafi huɗu za a yi, su kwanta a kanta a Yamai har gara ta gama da su. Wa zai karanta wannan a ƙauyen da in wasiƙa ta zo sai an nemi malamin lakwal? Na ce ai tarihi ma amana ne, in tsohon ya mutu da maganar an yi asara. A zuciyata na san abin da nake so shi ne malamin nan ya sake cire tabarau gaban jama'a. Na sa sunan tsohon da na mahaifinsa da ƙauyen. Da yake kuma ni mai son a ce na iya aiki ne, na ƙara da sunan ɗaya gidan, har da yadda fadamar take daga turken iyaka.

Ranar da na kare aikin an yi mini tafi, aka ba ni sakamakon da ya fi na kowa a ajinmu. Da farin cikin nan na sa aka ɗinka mini kwafi na biyar mai bango mai kauri, na kai wa mahaifiyata, wadda ba ta karatun boko. Ta shafa bangon, ta sa mini albarka, ta naɗe shi a zane ta sa a akwati. Da ya zauna nan da shi ke nan. Sai ɗan kawuna, taubashina, wanda aka tura koyarwa lakwal ɗin ƙauyen tsohon, ya zo gaisuwa ya gan shi ya ara. Ba mugu ba ne, alfahari yake da ni. Wata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci ya buɗe shi a majalisa ya ce garinsu ya shiga littafi, ya nemo shafin da sunan ƙauyen yake, ya riƙa karantawa yana fassarawa. Ɗan kasuwar nan yana zaune a wurin.

Ni ban san an yi ba. An tura ni koyarwa Illela ta wajenmu, ba ta ƙetare ba, ina can ina fama da yara da alli. Aka yi sama da shekara. A tsakanin nan injin ban ruwa ya yawaita, albasa ta yi daraja, fadama ta zama abin da kowa ke sa wa ido. Sai wata rana mahaifiyata ta aiko in zo gida ko ana karatu. Na same ta zaune a tsakar gida, ko amsa gaisuwata ba ta gama ba.

“Mi kas sa cikin littahin ga naka bisa abokin babana?”

Na ce tarihi ne kawai, Inna.

“An kai shi ƙara gaban sarki. Sun ce hwadama tasu ta, da bakinai yah hwaɗi, kai kau kas sa ga takarda. Ni nit tura ka wurinai. Da wane ido za ni kallon mutanen ga?”

Ga waɗanda ba su san yadda ake a wajenmu ba: ƙasa ta gidan da ya fara sare dajin ce, sai in an kawo shaidar an sayar ko an bayar. Ɗan kasuwar ya ɗauki rabin labarin na farko ya riƙe. Rabi na biyu kuma, maganar musaya, ya ce a kawo shaida, a kuma nuna masa gonar da aka ce an ba kakansa, domin shi bai gaji ko taki ɗaya a ƙetare ba.

Na ce zan nemo. Na hau babur ɗin kabu-kabu na tsallaka, na kwana uku ina bin kwatancen da tsohon ya ba ni. Wurin da gonar take gari ya cinye shi tuntuni, an yanka filaye an sayar an sake sayarwa, gefe gidaje, gefe inda manyan motoci ke tsayawa. Na bi tsofaffi ɗaya bayan ɗaya. Na sami wani da ya fi Kaka tsufa, ya ce ya taɓa jin wani abu kamar haka daga bakin kawunsa. Na ji kamar in ɗauke shi a kafaɗa. Da na ce zai zo ya faɗa gaban sarki, 'ya'yansa suka taso suka ce babansu ba zai shiga rigimar gona a wata ƙasa ba, in aka tsare shi can wa zai fito da shi? Tsakanin gidansu da fadamar bai kai tafiyar da ake yi da ƙafa kafin shayi ya huce ba. Na dawo hannu biyu.

Saura kwana biyu a zauna na je wurin Kaka, abin da ya kamata in fara yi ke nan na bar shi a ƙarshe don tsoro. Ɗansa da ya hango ni ya yar da abin da ke hannunsa ya yo kaina, sai da tsohon ya kira sunansa sau biyu ya tsaya. Na durƙusa na ce na zo da shawara. Zan tashi gaban sarki in ce ni na yi kuskure, ban fahimci maganar ba, na haɗa labarin wani gida da na wani, kaset kuma ya ɓace. Duk kunyar ta hau kaina.

Ya juyo mini da idonsa mai gani.

“In anka aza min Alƙur'ani anka ce, kakanka yas sare ta ko ba shi na ba, mi za ni cewa? Da shekarun ga nau? Tahi ka kawo akwatin naka. In za a ji ta, a ji ta dut.”

Na riƙe wannan a matsayin fata. A kaset ai akwai maganar musaya daga bakinsa, tun kafin a san za a yi rigima, lokacin da ba shi da dalilin ƙirƙira. Na ce wannan zai cece mu.

Da hantsi aka zauna a ƙofar sarkin yankin, ga liman, ga dattawa, ga mutanen ƙauyen sun cika wurin. Aka ce in kunna. Muryarsa ta fito, da kukan awaki a bayanta, ya ba da labarin tun daga kafa turaku har raba goro. Wasu tsofaffi suka sunkuyar da kai. Ni hankalina yana kan fuskar sarki, ban tuna abin da ke biye ba sai da ya fito. Kowa ya ji tsohon yana cewa wannan ba ta takarda ba ce, tsakaninsa da ni ce, don ni jikan abokinsa ne. Kowa kuma ya ji muryata, ƙarara, tana cewa, “To, Kaka.” Na kashe rediyon. Sai na ga duk idanun da ke kan tsohon sun dawo kaina.

Sarki ya so a yi sulhu a raba fadamar biyu. Ɗan kasuwar ya ƙi. Ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani ya rantse kakansa ne ya sare dajin, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa a gidansu an yi musaya. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne duk biyun gaskiya ya faɗa, na farkon ma a littafina ya samu. Aka tambayi tsohon ko ya ga musayar da idonsa. Ya ce ba a haife shi ba, mahaifinsa ne ya gaya masa. Liman ya yi bayani cikin taushi cewa abin da mutum ya amsa a kan kansa an karɓa, abin da ya faɗa don amfanin kansa kuma sai da shaidu. Aka yanke ya cire albasar da ke ƙasa, daga nan ya bar gonar.

Na bi shi ina roƙonsa mu kai maganar kotu a Konni. Na ce gidansu ya fi shekara tamanin yana noman wurin ba wanda ya tanka, alƙali zai duba wannan, zan nemi lauya, zan tsaya. Ya ce a'a. “Na tone ta sau guda, ya isa. In munka tahi can, sai sun tambayi sunayen sauran gidaje.” Bai san an riga an makara ba. Kafin damina ta faɗi, gidaje biyu a ƙauyen sun tada irin wannan magana a kan maƙwabtansu, mutanen da suka tashi tare suka daina gaisawa.

Bayan an cire albasar ɗansa ya tafi cirani kudu, daga baya ya aiko aka kai masa matarsa da yara. Tsohon ba mai dafa masa, ba abin dafawa. 'Yarsa ta zo ta ɗauke shi ta kai shi Badaguishiri. Duk wanda ya san mu ya san abin da ake nufi da dattijo ya ƙare a gidan surukinsa, yana jiran a miƙo masa tuwo. Ni kuwa duk sanda zan je gida daga Illela sai mota ta tsaya a Badaguishiri, in duƙar da kai ina duba jakata kamar na ɓatar da wani abu, har mu tashi. Na yi kusan shekara ina haka. Mahaifiyata ce ta ce in ya mutu ban je na gan shi ba, kada in ƙara taka mata gida.

Na same shi a wani ɗan ɗaki kusa da zaure, a kan tabarma, ya rame har rigar ta yi masa yawa. Garin kwari ne, ko daga ɗakin ana jin ƙarar injinan masu lambu. Ya gane muryata.

“Ɗan lakwal. Yau ba ka zo da akwati ba?”

Na ce ban zo da shi ba. Na shirya maganganu da yawa a mota, ba wadda ta fito, sai kuka kamar yaro. Na ce ya yafe mini. Ya bar ni har na yi shiru, sannan ya tambaye ni ko sun ba ni takardar da na je nema. Na ce sun ba ni. Ya ce madalla.

“Ba ni da abin da za ni yahe maka,” in ji shi. “Kai an aike ka ka kawo magana, ka kawo. Ni anka ba ajiya. Kakana ya riƙe ta, ubana ya riƙe ta har ranad da anka rufe shi, ni nik kasa, don na ga yaro mai saurare na ji daɗi. Na ji an tada ta gidan su wane da su wane. Hwadama ba ta dame ni ba yanzu, ɗana. Abin da nika tunani shi na, in mun gamu da ubana, mi za ni ce mai.”

Na so ya zage ni. Na je ne da niyyar in ɗauki laifin in tafi da shi, ya hana ni, ya riƙe abinsa. Bai kai damina ta gaba ba. A Badaguishiri aka rufe shi, nesa da matarsa da mahaifinsa, cikin mutanen da mafi yawansu ba su san sunansa ba.

Yau na fi shekara ashirin ina koyar da tarihi, kuma kowace shekara sai na zo kan darasin iyaka. Ina gaya wa ɗalibai yadda Turawa suka zauna nesa suka yanka ƙasar da ba su taɓa nomawa ba, su yi ta jin haushi, ni ma in taya su. Abin da ba na gaya musu shi ne mutanenmu sun ɗinke wannan yankan da kansu, ya zauna lafiya har tsawon rayuwar mutum uku, sai ɗan gida da jakar malamai ya zo ya farke shi don a ce ya iya bincike. Ban ce ƙa'idar sa sunan mai magana banza ce ba, tana hana mu ƙarya. Amma malamina ya ba ni zaɓi, tsohon kuma ya gaya mini a fili, ban da wurin ɓuya. Shafin nan har yanzu yana yawo. Wasu masu bincike sun ambace shi a ayyukansu, wani ma daga waje ya rubuto yana so in raka shi ƙauyen ya ji ko akwai sauran irin labarin. Ban amsa masa ba.

Mahaifiyata ba ta ƙara yi mini maganar ba bayan na je Badaguishiri. Ta ci gaba da sa mini albarka, tana ajiye mini fura in zan zo. Sai dai na lura da abu ɗaya. Da can ni ne abokin hirarta, ba abin da ke faruwa a dangi da ba ta gaya mini. Daga wannan shekarar har ta rasu, in tana magana da 'yan'uwanta na shigo, sai ta yi shiru, ta tambaye ni hanya da aiki, ta jira in fita. Ba ta taɓa gaya mini dalili ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.